Inna Sadiyya, Mai Kitso da Littafi a Gefe

Inna Sadiyya, mai kitson unguwarmu a Matameye, ba ta kama kan mace sai da littafi buɗe a gefenta, ta danne shi da kwalbar man kitso. Tana kitso tana karanta mana da ƙarfi. Duk shekara in mijinta zai tafi cirani Kano, gargaɗinta ɗaya ne: "Malam, kada ka kawo mini atamfa. Littafi nake so!"

Kullum da tambaya take tarbar mu. "Jiya a labarin, wa ya ɓoye takalmin amarya? Ke Jamila, faɗa!" Wadda ta kasa sai ta koma ƙarshen layi, ko da matar magajin gari ce.

Ranar kasuwa, da mata sun dubi kanki sun san inda labari ya kai. In kitso ya miƙe sumul, to ana zaman lafiya a littafin.

Ni kuwa na faɗa hannunta ranar da yarinyar labarin ta rasu. Ta damƙi gashina ta ja har sai da na ƙwala ihu. Muka zauna muna ta kuka, ita da nata dalilin, ni da nawa.