Mata biyar masu lambar "babu"

Shekarun baya, warin albasar da aka baza a rana shi ke shigo mana ta tagar ofis a Aliero. Har yau in na ji shi, sai in tuna wata Laraba.

Lokacin ni ke kula da rumbun bayanan wata ƙaramar ƙungiya mai bibiyar masu juna biyu a Jega, Aliero da Maiyama. A kwamfuta, jeri ɗaya na sunayen mata, ɗaya na sakamakon gwajin jini, lambar katin mace ce kaɗai ke haɗa su. Duk mako nakan tambayi na'ura ko akwai wadda gurbin lambarta ba a cika ba, ko an bar shi wofi. Takan ce ko ɗaya. Sai in koma rubuta waƙoƙina a bayan fom, ina jin kaina gwana.

Ran wata Laraba sakamako ya zo: jinin wata ya yi ƙasa ƙwarai, haihuwa kuma ta kusa. Na nemi mai shi, sai sunaye biyar suka fito. Na duba lambarsu. Duka an rubuta "babu". Matan ba su zo da kati ba. Ni ina neman gurbi wofi, na'ura kuwa ta ɗauki kalmar a matsayin lamba. Kwalbar jinin ma "babu" aka rubuta a jikinta.

Na kira shugabarmu, wata dattijuwar ungozoma.

"Mi ya faru, ɗiyata?"

"Inna, ɗayarsu na cikin haɗari, ban san ko wacce ba."

Ta duba allon na'urar. "To na'urarki ta gaji. Ɗauko mayafinki mu tahi."

Muka hau babura. A kowane gida sai ta ja fatar idon mace ta duba, ta buɗe tafin hannunta. Ta Jega lafiya. Biyu a Maiyama lafiya, har ɗaya ta tsokane mu wai ko aure muka zo nema. Ban iya dariya ba. Duk kabarin da muka wuce a hanya sai in kau da kai.

A ƙauyen Sabiyal muka sami ta huɗu zaune tana tsinke albasa, tana haki, tafinta fari kamar takarda. "Gajiya ce kawai," in ji ta. Ranar aka kai ta asibiti, aka ƙara mata jini. Ta haihu lafiya. Ta biyar kuma an sake gwada ta, jininta lafiya.

Tun daga nan ba na yarda da gurbi don kawai ya cika. Sai na karanta abin da ke ciki.

Na daɗe ina jin haushin masu shigar da bayanan. Sai bayan shekaru, wata daga cikinsu ta turo min hoton takardar da ke manne a bangon ofishinsu: "Kada a bar gurbi wofi. In babu, a rubuta babu."

Rubutun hannuna ne.