Kujerar Bakin Taga

Bara Mama, shugabar zumuntar matan cocinmu, ta bar ni a tashar Kafanchan saboda lattin minti biyar. Ina gudu da kular shinkafar da na dafa mana, ta ɗaga mini hannu ta taga, mota ta wuce Jos.

Bana ni aka ba shirin yawon Kano. Na tsara mu hau Dutsen Dala, mu leƙa marinar Ƙofar Mata, mu ƙare a Kasuwar Kurmi. Na sanar cewa ƙarfe shida za mu tashi, ba jiran kowa, dokar Mama ce. Ita kuwa kullum sai an jira ta.

Na ja wa direba kunne sau biyu. Sannan na zaɓi kujerar bakin taga, ɓangaren da ke kallon hanyar gidanta.