Yadda Na Shayar da Kwamfuta a Sabha

Ni aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Amma Allah Ya jarrabe ni da son duk wani abu mai maɓalli. Sau biyu ina kwance rediyon mahaifina don in ga mutanen da ke magana a ciki, sau biyu bayana yana shan dorina. Da wannan ciwo na girma, da shi na tsallaka sahara, da shi na zauna a Sabha, garin Larabawa da ke kan hanyar Tarabulus.

A shekarun nan ne da mai ƙasar ya juya fuskarsa kudu, ya ce Afirka duk gida ɗaya ce. Taswirar Afirka har a jikin bango da bayan mota. Mutanenmu suka yi ta kwararowa, wasu leburanci, wasu gonakin dabino a Samnu da Zighan, wasu suna haɗa guzuri su ƙara gaba. Ni kuwa na kama ɗan shago a bakin kasuwa, na ajiye rikoda biyu. Sana'ata wasiƙar baki. Yawancinmu ba ma rubutu, saboda haka mutum zai zo ya zauna a kan benci, in danna jan maɓalli, ya gai da uwa da uba da maƙwabta har da akuyar gidan, ya yi ƙaryar cewa yana cin nama kullum, sannan a ba direban da zai koma Agadas. Bayan wata biyu amsa ta dawo a kaset. Kuma a wajenmu ba a ajiye kaset. Ka ji saƙonka, ka jefa shi a kwandon shago, gobe wani ya ɗora nasa a kai. Kaset ɗaya sai ya yi ta zuwa yana dawowa har muryoyin da suka gabata su riƙa leƙowa ta ƙarƙashi.

Ana haka na ga kwamfuta a shagon wani Balarabe mai gyara. Tsohuwa ce, fara, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, allonta da ƙaton ƙeya kamar tukunyar biki. Na kwana uku ina zuwa kallonta, a na huɗu na ɗauko ta a baro. Turancin da ke cikinta ban san ko harafi ba. Mai gyaran ya nuna mini inda zan danna, ni kuma na haddace da hoto: ɗan gida, ɗan kwando, ɗan lasifika. Ya haɗa mini waya daga rikoda zuwa bayanta, yadda murya za ta tashi daga kaset ta shige ciki. Na'urar buga faifai ce kawai babu, ya ce tana hanya daga Tarabulus.

Daga ranar nan ba a ƙara jin kunne a kasuwa ba. Na zama malamin zamani. Duk wanda ya tsaya shan shayi sai na yi masa wa'azi: kaset ya mutu, a yi masa sutura, faifai shi ne sarki, bayansa kuma akwai wani ɗan abu kamar yatsa da zai haɗiye kwandona kaf bai ƙoshi ba. Na ce nan gaba kaɗan wayar hannu za ta yi arha har mai tura baro ya riƙe. Wannan dai na faɗa daidai, kuma har yau ina tuna wa mutane, tunda ita kaɗai ce.

Akwai wani Badamagare mai aikin dabino a Zighan, dogo, mai ƙarancin magana, da ke zuwa duk Juma'a bayan masallaci. Ni Bakano ne, kun san wasan da ke tsakaninmu. Yana shigowa nake cewa, “Bawana ya iso, a kawo masa ruwa kada ya suma.”

Shi kuma ya ce, “Bakano, ana sayar da kai a kasuwar nan ko sai an je ta dabbobi?”

Shi ba ya aika saƙo. Kaset ɗaya gare shi, a aljihun gaba, mai ɗan tabon ƙuna a gefe inda garwashin shayi ya taɓa shi. Muryar mahaifiyarsa ce. Ta yi masa saƙon, kafin direba ya iso Sabha Allah Ya karɓi abarsa. A ciki tana yi masa faɗa a kan ya riƙa rufe kansa in yana hawan dabino, tana ba shi labarin tunkiyar da ta haifi biyu, a ƙarshe ta sa masa albarka, ta kira shi da sunan da ita kaɗai ke kiransa. Sai in sa masa, ya zauna ya sunkuyar da kai, ya ji, ya mai da abinsa aljihu, ya ajiye mini dabino ya tafi.

Wata Juma'a rikoda ta ɗan tauna zaren. Na zaro shi a hankali, na naɗe da biro, mutumin ya yi wuf ya karɓe abinsa ya mai da aljihu. Nan malamin zamani ya motsa.

Na ce, “Bawana, kana wasa da muryar tsohuwa. Wannan zaren yau ne ko gobe. Kawo in zuba maka ita a kwamfuta. Abin da ya shiga nan ya shiga ke nan, jikokinka ma sai sun ji.”

Ya dubi kwamfutar a kaikaice. “Wannan ordinater taka, ba ta mantuwa?”

“Mantuwa? Ai ba Badamagariya ba ce.”

Na zuba. Na danna ɗan lasifika, sai ga tsohuwa tana faɗan hula, tas, kamar tana bayan labule. Mutumin ya yi murmushi har na ga haƙoran da ban san yana da su ba. Ya ce in sake, na sake. Da zai tafi, ya juya kaset ɗin a hannu, ya ce tunda uwarsa ta samu ɗaki mai kyau, bari wani bawan Allah ya gai da tasa uwar da wannan. Ya jefa a kwando, yadda kowa ke yi. Ni da ya kamata in ce ya riƙe, sai na ce, “Yanzu ka waye.”

Sai zafi ya shigo, irin na Fezzan, yankin da Sabha take, wanda in ka taɓa ƙofar ƙarfe sai ka yi salati. Kwamfuta ta fara nishi, fankar cikinta tana kuka, tana aiki ta ɗauke. Na taɓa jikinta, zafi rau. Na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. Duk wanda ya hau babbar mota daga Agadas ya san yadda ake sanyaya ruwa: a ɗinke jarka cikin buhun algarara, a jiƙa buhun, iska ta buga, ka sha ruwa kamar daga randa. To, in jarka ta yi sanyi, me zai hana kwamfuta? Na samo buhu, na tsoma a bokiti, na ɗan matse, na lulluɓe ta. Wallahi ranar farko ta yi shiru, ta yi aiki lafiya. Na kira maƙwabta suka gani, na ce Turawan da suka ƙera ta ba su san sahara ba. Rana ta biyu na ce bari in ƙara mata, ban matse buhun ba.

Ƙara ɗaya ta yi, fat! Sai hayaƙi da warin ƙonannen gashi.

Na kai ta wurin mai gyara a baron da na ɗauko ta. Ya buɗe, ruwa ya ɗigo masa a ƙafa. Ya dube ni ya ce, “Ya Hajj, shayi ka ba ta ko wanka ka yi mata?” Ya ce har rumbun da take ajiya ya ƙone, babu abin da zai fito. Na dawo da gawar na ɗora a teburinta, don ban san inda zan kai ta ba.

Sai a lokacin na tuna da muryar tsohuwa. Na zazzage kwando, na bi kaset ɗaya-ɗaya. Babu mai tabon ƙuna. Sati uku ke nan da jefa shi, kuma a sati ukun nan direbobi sun tafi da kaya. Na ga muryar tsohuwa a raina, wani ƙato ya hau kanta yana ƙaryar cin nama, tana hanyar Agadas.

Juma'ar farko na ce masa babu wuta, alhali fankar shago tana juyawa a kanmu. Ya dubi fankar, ya dube ni, ya ajiye dabino ya tafi. Dabinon nan ban iya ci ba. Juma'a ta biyu ya shigo da tsokanarsa, ban rama ba. Na ce, “Ɗan'uwa, zauna.” Da ya ji ban ce bawana ba, sai ya zauna a hankali. Na faɗa masa duka, har buhun.

Bai zage ni ba, kuma na so ya zaga. Sai dai ya ce, “Allah Ya sa haka ne mafi alheri.” Can ya ce, “Kama mu sauke ta, ka daina kallonta tana ƙona maka rai.”

Muka ɗaga kwamfutar. Garin juyawa gwiwarsa ta bugi teburin ya yi gefe, wani abu ya zame daga ƙarƙashin ƙafarsa. Mutumin ya sunkuya ya ɗauka. Kaset ne a cikin gidansa na roba da ya tsage, da tabon ƙuna a gefe.

Nan na tuna. Washegarin ranar da ya jefa shi, wani ya zo yin saƙo, na ɗauko kaset a kwando, jan maɓalli ya ƙi dannuwa. Na ce lalatacce ne, na tokare ƙafar tebur da shi don kada kwamfuta ta yi girgiɗi, ban ko dube shi ba. Ashe wanda ya ɗauki muryar a ƙauyensu ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset, waɗanda in babu su ba a iya ɗora wata murya. Wani mai rikoda a ƙauye, wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba, ya fi malamin zamani tunani.

Na sa shi a rikoda. Zaren ya ja, ya yi shuu, sai tsohuwa ta ce ya riƙa rufe kansa in yana hawan dabino. Muka ji har albarkar ƙarshe, ba wanda ya dubi wani. Da ta ƙare ya goge ido da hannun riga, ya ce, “Bakano, uwata ka sa ta ɗauki ordinater a ka sati biyar?”

Na ce, “Ai ita ta riƙe shagon.”

A ranar, da rikodata biyu, na yi masa kwafi uku, na ɓalle kunnuwan kowanne a gabansa. Ɗaya ya aika wa ƙanwarsa, ɗaya ya sa a aljihu tare da na asalin, ɗaya ya ce in ajiye, amma ba a kwando ba, ba kuma kusa da bokiti ba.

Son na'ura dai bai sake ni ba. Na ga faifai ya yi sarauta ya sauka, na ga ɗan yatsan nan ya zo, na ga waya ta haɗiye su duka har da sana'ata. Duk wadda ta fito sai na taɓa, ko ba zan saya ba. Sai dai yanzu in mai shago ya ce mini wannan ba ta mantuwa, nakan tambaye shi ko an taɓa gwada ta da jiƙaƙƙen buhu.