Rabin Kwalbar Kande

Duk garinmu Tsaskiya babu wanda bai ci arzikin Kande mai daddawa ba. Idan ka shiga gidanta aron turmi, sai ta haɗa maka da taɓarya da ƙullin kuka. Shi ya sa har yau raina yake ɓaci idan na ji wasu suna kiranta marowaciya, alhali da daddawarta suka kaɗa miyar jiya.

Abin ya faro ne daga kunnen jikarta Mahfuza. Yarinyar ta yi ta kuka tana jan kunne, can sai ruwa mai wari ya fara fita. Mahaifinta Rilwanu ya ɗauke ta a babur zuwa asibitin Safana. Aka ba su maganin sha a kwalba, irin mai kashe ƙwayoyin cuta, aka ja musu kunne cewa ko ta warware sai an shanye shi tas. In an tsaya a rabi ciwon yana iya dawowa, har ya taɓa mata ji.

To, mu a nan, tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga, wanda ya je Safana ya dawo da magani kamar ya dawo da tsaraba ne. Da an ga sauƙi, ragowar ta zama ta maƙwabta. A lasa wa wannan cokali ɗaya, a lasa wa wancan. Hana shi abin kunya ne.

Kunnen Mahfuza yana bushewa sai ga Malam Daudu, yayan marigayi mijin Kande, ya yi sallama da kansa. Jikansa ma kunne ke damunsa.

Kande ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa.

Ya ce, "Na ji ɗiyar ta samu lahiya. A ba ni sauran."

Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Babu saura. Nata ne har ƙarshe."

"Mi kika ce? Ga shi can ina gani, rabin kwalba!"

"Rabin nan shi ne maganin, Yaya. In na raba, ba ta warke ba, naka ma bai warke ba. A kai shi a duba shi."

Ya shuri takalmansa ya fita, ko ruwan bai sha ba.

Kafin la'asar zance ya gama gari. Mata suka daina aiko sayen daddawa. Aka yi suna a maƙwabta ba a gaya mata ba. Kande ko a jikinta. Ta ƙulle kwalbar a gefen zaninta don kada surukarta, uwar Mahfuza, ta ji nauyin wani ta miƙa, lokacin sha yana yi ta kwance ta ba yarinyar da hannunta.

Ranar kasuwa kuma ta shiga gidan Malam Daudu ba tare da neman izini ba, ta goya jikan nasa, ta hau bayan babur ɗin Rilwanu suka kama hanyar nan da maza suke tsoro zuwa asibitin Safana. Ta dawo masa da kwalba tasa shi kaɗai, ta dire a gaban uwar yaron ta ce kada ta ji an lasa wa kowa.

Malam Daudu bai sake taka gidanta ba. Na taɓa tambayarta ko abin yana ci mata rai. Ta ce yana ci, sosai ma. Sannan ta juya wajen Mahfuza da ke can bakin rijiya ta ba mu baya, ta kira sunanta a hankali, da muryar da ni da nake kusa da kyar na ji.

Yarinyar ta waiwayo ta ce, "Na'am, Inna?"