Jakar Horo Birni

Akwati ɗaya maigidana ya kama a gidan waya na Bodinga, amma ƙauyuka wajen goma ke aiki da shi. Duk mai ɗa a Ikko ko a soja, lambarmu yake bayarwa. Da maigida ya rasu aikin ya faɗo kaina, ni da ban san ko alif ba. Na ɗinka jakunkuna, kowane ƙauye da launin tasa. Ranar kasuwa wani baƙon malami yakan zauna a zaure ya karanta sunaye, ni ina jefawa, direbobi su kwashe.

Shekarar da sabulu ya ɓace daga kantuna, ɗana na fari ya gama makarantar horon malamai, yana jiran takardar kiran aiki. A Horo Birni ya yi firamare wurin kawunsa, saboda haka sunan ƙauyen aka liƙa masa. A Bodinga da laƙabi kawai aka san shi. Ni kuwa tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa nuna shi a cikin mutane na ce nawa ne ba.

Ran nan yana fadama wurin albasa. Malam ya ɗaga ambulan mai hatimi ya karanta. Na ji sarai, sunan ɗana ne.

"Inna, wagga fa ta wa ta?"

Zaure cike da maza, kowa ya zuba mini ido.

"Ba ka ga ƙauyen ba?" na ce.

Na jefa ta a jakar Horo Birni, da niyyar in zare in an watse. Direba bai jira ba, motarsa ta cika, ya sunkuci jakar ya fita. A Horo Birni aka tarar kawun ya tafi da shanu, wani ya ce ai yaron ya koma ƙauyen Mandera, aka tura ta can. Sai bayan kusan wata ta dawo hannuna, da dabbaren manja a jikinta.

Takardar kiran aikin ce, yaron ya tafi Sakkwato da ita. Aka ce rana ta wuce, kuma gwamnati ta tsayar da ɗaukar ma'aikata, ba a san ranar buɗewa ba.

Da ya dawo ya durƙusa bakin ɗakina.

"Inna, da aka karanta, ba ki ji ba?"

"Ban ji ba."

Ya miƙe ya tafi. Malam ya riga ya faɗa masa ina wurin, kusa da ƙofa. Da kaka ya hau motar albasa zuwa kudu, bai yi mini sallama ba.