Marar da Na Sayo a Kachia

A cocinmu kowa ya san irin kyautata. In ana bikin aure mata su zo da kula, da bilenda, da setin tangaran cikin kwali mai ƙyalli, ni kuwa in taho da 'yar ledata a hammata. A ciki maburgi ne, ko ludayi, ko 'yar tsintsiyar kaɗa kuɓewa, wani lokaci faifai idan na dace da mai saƙa mai kyau. Da can har kunyar miƙawa nake ji. Daga baya na lura, in ka leƙa gidan amarya bayan shekara, tangaran ɗin na nan cikin kabad ko takardarsa ba a ɓare ba, amma maburgina ya yi baƙi ya siɗe don aiki. Tun daga nan na daina ɓoye ledar.

Ba ni da yawo. Daga gida sai coci, sai kasuwa, sai in dawo kicin ɗina. Amma duk wanda na ji zai je Samaru Kataf ko Kasuwan Magani sai na ba shi sautu. Ina da wata jaka a ƙarƙashin gado inda nake tara kayan. Baban yara ya ce wata rana za mu kwanta mu ji gadon yana tuƙa tuwo da kansa.

Duk cikin waɗanda nake ba wa, babu mai jin daɗin irin kayan nan kamar matar ɗana na biyu. Inyamura ce, amma a nan Kafanchan aka haife ta, kakanta aikin jirgin ƙasa ya kawo shi. Hausarta ta fi tawa. Yarinyar nan in ta ga tukunya a wuta sai jikinta ya hau rawa. Kowace Asabar takan zo ta ɗaura tsohon zanena, mu wanke acha tare, mu rege tsakuwa, mu yi fate da yakuwa da gauta, ko mu tuƙa tuwon acha da miyar karkashi. Tana ɗanɗanawa tana lumshe ido tana cewa, "Mama, wannan tokar ta fi ta wancan satin." Har yau Amarya nake kiranta.

A lokacin da nake ba da labari aurensu ya shiga shekara ta uku, Ubangiji bai ba su haihuwa ba tukuna. Ni ban taɓa buɗe baki a kan maganar ba. Amma ina gani, a ƙofar coci akwai matan da sai sun gaida cikinta da ido kafin su gaida fuskarta. Ita ma tana gani.

Wata ranar Laraba, saura 'yan makonni Kirsimeti, na bi ta gidansu na tarar tana kwashe tuwo. Marar da take kwasa da ita ta tsage tun daga baki har tsakiya. Ga wanda bai sani ba, mara ita ce ɗan ɓarin ƙwaryar nan da ake gyara bakinsa, a kwashe tuwo da shi a mulmula. Tana ɗiba tuwon yana bi ta tsagar yana ƙona mata yatsa, tana busawa tana ci gaba. Na kau da kai kamar ban gani ba. A raina kuwa har na fara tsalle, na samu kyautar Kirsimeti.

Matsalata ita ce ba na iya riƙe abin daɗi ni kaɗai. Washegari na je kasuwa sayen kirefish na miya a shagon uwar Amarya. Ita uwar ba a nan aka haife ta ba, aure ya kawo ta daga ƙasarsu, Hausarta ta ciniki ce da ta layin asibiti. Kowa a bakinta "ka" ne, mace ko namiji. Muna kiran juna Inlo, wato suruka da Turanci, kuma tun kafin yaranmu su san juna take auna mini agushi.

Na sunkuya na rage murya. "Inlo, jiya na je gidan yaran. Na ga marar 'yarki."

Ta tsaya da gwangwanin awo a hannu. "Ka gani?"

"Da idona. Ta tsage, ba ta riƙe komai. Duk abin da aka sa sai ya zube."

"Shi ne ya nuna maka?"

"Ina, ai ba za ta nuna ba, kin san ta da haƙuri. Ni na lura. Ai ba a riƙe gida da irin wannan. Amma kada ki gaya mata. Ranar kasuwar Kachia zan je da kaina in nemo wata, sabuwa, mai ƙwari, wadda za ta daɗe a gidan."

Ta ce, "To."

Kunnena yana da kyau, na ji wannan "to" ɗin gajere ne, ba irin nata mai jela ba. Kuma ta ƙulle ledar ba ta sa mini gyara ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Amma ni murna ta rufe ni, na ɗauka ciniki ne ya yi mata sanyi ranar. Har na ɗaga mata hannu ina ƙifta ido, wai mun ƙulla sirri.

Ni da ba na son mota, na shiga motar Kachia ina wasa da kowa. Lokacin citta ne, tun daga bakin gari ƙamshinta yake shiga hanci, ko'ina an baza ta an fasa. Na wuce masu citta na nufi wajen masu ƙorai. Wata tsohuwa ta zube mini marori a gaba, na zauna a kan buhu na zaɓa kamar mai zaɓen zanen aure. Ana ƙwanƙwasa ta da farce, in ta amsa da ƙarfi duman ya nuna, in ta yi shiru ɗanye aka yanka. A duba bakin, kada ya yi kauri ya ƙi shiga gefen tukunya, kada ya yi siriri ya ci. A kifa a tafin hannu a ji ko ta zauna. Hannun Amarya ƙarami ne, sai na riƙa gwadawa da na tsohuwar. Na kasa zaɓa tsakanin biyu, na kwashe su duka, babba don tuwon baƙi, ƙarama don su biyu. Kuɗinsu bai kai na kwalbar lemo ba.

A gida na kankare su, na jiƙa su kwana da kwana ina sauya ruwa don ɗacin duma ya fita, na goge da yashi, na shanya a inuwa. Na naɗe su a sabon tsumma na tura cikin jakar gado.

Asabar ta zo, Amarya ba ta zo ba. Na kira, ta ce, "Aiki ya yi yawa, Mama." Koyarwa take yi, lokacin jarrabawa ne, na yarda. Asabar ta biyu ma shiru. Ranar Lahadi ta durƙusa ta gaishe ni a ƙofar coci idonta a ƙasa, kafin in kama hannunta ta wuce. A nan ne abin ya taɓa ni. Na dawo na wanke acha ni kaɗai, har tsakuwa na bari a ciki, baban yara ya tauna ya ce haƙoransa ba na haya ba ne.

Litinin da la'asar sai ga ɗana. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba.

"Mama, me kika je yi Kachia?"

Na ji haushi, Inlo ta fasa mini sirri. Na ce, "Tunda an gaya maka, e, na je. Kuma na samo."

"Kin samo."

"Har biyu."

Ya dafa ƙofa. "Biyu, Mama?"

"Babba da ƙarama. Na kasa zaɓa, duk suna da kyau. In ɗaya ta gaji sai a ɗauki ɗayar."

"Mama, ke fa dattijuwa ce a zumuntar mata. A coci aka ɗaura mana aure."

"To me ya haɗa coci da wannan? Kai dai ba ka shiga kicin, shi ya sa ba ka san wahalar da take sha ba."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Suna ina yanzu?"

"Ƙarƙashin gado. Sai da na jiƙa su kwana huɗu."

Baban yara yana zaune a gefe yana ɓare gyaɗa, ya ɗago ya ce wa ɗan, "Kai, bari ta kawo su ka gani tukuna."

Na shiga na jawo jakar, na warware tsumman na ɗora masa a hannu. Ya juya babbar, ya juya ƙaramar. Ya ce, "Mene ne wannan?" Na ce mara mana. Ya maimaita a hankali, "Mara." Sai ya sulale ya zauna a dandamali ya rufe fuska da babbar, kafaɗunsa suna rawa. Uban ya shaƙe da gyaɗa.

Ni ban yi dariya ba, don a lokacin ne na ji maganata ta dawo mini kunne yadda Inlo ta ji ta. Ita mara ɗaya ta sani, ta ciwon mara, ta ƙasan cibiya. Ta tsage, ba ta riƙe komai, zan nemo wata. Kuma da ta je gaya wa 'yarta ba da Hausa ta gaya mata ba, da yarensu ta faɗa, a can kuwa kalmar ba ta da hanya biyu. Yarinyar da ta san marar tuwo sarai ba ta samu inda za ta gane ba. Ɗana ya ce mako biyu ke nan ba ta cin abincin kirki, har ta fara ninke kayanta.

Ban sauya zane ba. Na karɓe marorin, na tare keke, na ce kasuwa.

Na same su su biyu a shagon, Amarya ta tashi daga makaranta tana taya uwar ɗaure manja. Inlo ta gan ni ta miƙe ta riƙe ƙugu. Ban gaishe ta ba, na ɗaga babbar sama.

"Inlo, mene ne sunan wannan?"

"Cokalin tuwo ne. Ka zo ka yi mini wasa?"

Amarya ta kalli abin, ta kalle ni. Na ga leɓenta ya motsa. Ta juya wajen uwarta. "Da Hausa me ta ce miki ranar? Faɗi yadda ta faɗa."

"Ya ce maranka ya tsage."

"Ai ta tsage ɗin," in ji Amarya. "Tana nan a kwandon kwanuka."

Dariyar ta fara fito mata tare da hawaye, ta rasa wanne za ta yi, ta zauna a kan jarkar manja. Inlo tana ta juya kai tana tambaya, 'yar tana son ta bayyana mata da yarensu dariya tana katse ta. Da ta gane, ta ɗora hannu biyu a ka ta zagaya shagon sau biyu. Ta ce, "Inlo, ka kusa kashe ni. Na yi azumi kwana uku a kanka. Na kai sunanka wajen addu'a."

"Wace addu'a?"

"Wanda ba ka so ka sani."

Kusa da shagon akwai wata Bahaushiya mai daddawa da kuka, ta ji komai. Ta ce ai laifin bakinmu ne, su a wurinsu kalmomin ba ɗaya ba ne, ɗaya murya hawa take yi, ɗaya sauka. Ta faɗa mana ɗaya bayan ɗaya, ni da kunnena na ji bambancin ƙarara. Ta ce to mu maimaita. Na faɗa, ta ce, "Wannan ta asibiti ce." Na sake, ta ce, "Har yanzu kina asibiti." Inlo ta gwada, matar ta ce wannan kam ko a Hausa babu ita. Masu sayayya suka tsaya, kowa yana gwada tasa. Inlo ta cika mini leda da kirefish ta ce gyaran da ta hana ni ne, da na azuminta.

Asabar Amarya ta zo tun da hantsi, da marorin a jakarta. Ta ɗaura tsohon zanena. Muka tuƙa tuwon acha, ta tsoma ƙaramar a ruwa ta kai gefen tukunya, ta shiga sumul, ta mulmula ta kife a kwano, malmala ta fito kamar ƙwai. Ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Ba ta ɗago ba ta ce,

"Mama, ɗayar marar fa, ta asibitin? Shekara uku ba ki taɓa tambaya ba."

Na gyara itacen wuta. Na ce, "Waccan ba a Kachia ake sayar da ita ba, Amarya. Kuma ba ita na kawo gidan nan ba, ke na kawo."

Ta ci gaba da kwasa. Can ta ce miyar tana son gishiri kaɗan, na ce ƙarya take yi, ta ɗanɗana mini, na ga gaskiyarta.

Kirsimeti ta zo ba ni da abin ba ta, tunda kyautar ta riga ta fita, sai na ba ta ludayi. Inlo kuwa ta aiko a gaya mini ita ma tana son irin abin, in zan sake zuwa Kachia. Amma ta ce in na samo kada in faɗi sunansa, in ajiye a kan tebur kawai in tafi.