Noel Penhall da Gwajin Man Shanu

Duk wanda ya daɗe a garin Broken Hill ya san Noel Penhall, in bai san sunansa ba ya san hannunsa. Na damansa, wanda ya shekara hamsin a rataye a tagar mota, ya ƙone ya yi kamar naman da aka manta a kan wuta. Na hagun kuwa fari fat, ka ce aro ya yi. Kunnensa na dama ma saura rabi, likita ya yanke sauran saboda ciwon da rana ke sa wa fata. In an yi masa jaje sai ya ce dama ba ya jin abin kirki ta wannan ɓangaren.

Shekara talatin da huɗu ya yi a ƙarƙashin ƙasa wajen haƙar dalma. Aikinsa shi ne ya riga kowa shiga, ya bi rufin rami yana ƙwanƙwasawa da sandar ƙarfe, in ya ji sautin bai yi masa ba a dakata. Bai taɓa rasa mutum ko ɗaya ba, wannan kam a ba shi. Sai dai da ya bar aikin, halin bai bar shi ba. Kujera sai ya girgiza ta kafin ya zauna. Marigayiya matarsa Lorraine takan ce shekara huɗu ya yi yana gwada ta kafin ya aure ta, kuma ranar bikin sai da ya ƙwanƙwasa kek ɗin da cokali.

Motarsa doguwa ce mai ƙofa biyar, ruwan ƙasa, ya saye ta shekarar da aka haifi 'yarsa Kirsty. Can baya wajen kaya nan ne fadar Nugget, wani jan kare mai ƙiba da ya san kowace kwana a garin. Maganin rana kuwa, tun fil azal Noel abu ɗaya ya sani: ka sauke gilashi kaɗan, ka cusa bakin tawul, ka murɗa gilashin ya cije shi. Haka aka raini rabin garin nan, kuma ga mu nan, da tabbanmu.

Da Kirsty za ta koma aikinta na jinya a watan Fabrairu, sai aka rasa mai riƙe jaririyarta Edie ranar Alhamis. Glenys, uwar mijinta, ta riga ta cinye Litinin da Talata, ga shi tana miƙa hannu ga Alhamis ɗin ma. Ita motarta sabuwa ce, baƙin gilashi, sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Shi kuwa Noel, tun rasuwar Lorraine ba abin da ke motsi a gidansa sai firji da kare. Bai faɗa wa kowa ba, amma ya wanke ƙaramin ɗaki har sau biyu, ya kuma ɗaure kujerar jarirai a mota tun kafin a tambaye shi.

"Baba, tawul ɗin nan fa ba zai yiwu ba," in ji Kirsty.

"Da shi na kai ki makaranta."

"Shi ya sa ake ƙona min tabo a kafaɗa duk shekara. Ka dubi kunnenka mana."

"Ba na iya ganinsa."

"To ni ina gani, kullum. Ka sa makarin rana na gaskiya a gilasan baya, wanda ake cirewa a wanke. Laraba mai zuwa zan zo in duba. In bai yi ba, Alhamis ta Glenys ce, kuma kada ka tsuke min baki."

Washegari ya dira a shagon kayan mota, da awon gilasansa a rubuce a bayan hannu. Desley ce a kan kanta, wadda suka yi aji ɗaya tun suna yara, ba ta kuma daina raina shi ba.

"Wace shekara ce motar taka?"

Ya faɗa mata. Ta daina latsa na'urarta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Masu maganaɗisu ana yanka su ne daidai da kowace mota, amma taka ba ta cikin lissafin masu rai. Ka gwada gidan tarihi. Abin da ya rage maka biyu: mai robar da ke manne wa gilashi, da mai kama da safa, wanda ake zura wa ƙofa ta sama. Ɗauki safar, tsoho, ka huta."

"Wa ya gwada ta?"

"Duk uwar da ke garin nan."

"Ni ban gwada ba. Ba ni mai robar tukuna."

"Za ka dawo," in ji Desley. "Ka gaida karenka, shi ne mai hankalin gidan."

Noel ba zai gwada abu a kan jikarsa ba, don haka ya nemi wakili. Ya yi tunani ya ga ba abin da ya yi kama da fatar jariri a gaban rana kamar man shanu. Ya yanko rabin sandar man daga firji, ya ɗora a kan faranti, ya zaunar da farantin a kujerar Edie. Kujerar kuwa irin wadda ke juya wa direba baya ce, fuskarta na kallon wajen kaya. Dokar gwajin: a tashi daga ƙofar Kirsty da tsakar rana, a bi hanyar da za a riƙa bi har gidansa, minti goma sha biyar. In man ya iso da kusurwoyinsa, makari ya ci. Noel kuma ba ya waiwaye in yana tuƙi, ko da wa ya mutu a baya, rediyonsa na ta zuba sukuwar dawakai kamar ana faɗa.

Ya lashi robobin ya manna. Kafin ya wuce tudun tarkacen ma'adinai ya ji ɗaya ta faɗo, kafin asibiti ɗayar ta bi ta. Da ya isa gida ya buɗe ƙofar baya, faranti tas, har ƙyalli yake. Ya taɓa kujerar ya ji danshi.

"Ka gani ko?" ya ce wa Nugget. "Ya narke ya tsiyaye, rana ta shanye sauran. Da yarinyar ce fa?"

Nugget ya kawar da kai, kamar wanda abin ya yi wa nauyi.

Ya koma wa Desley, ta miƙo masa safar tana murmushi, abin da ya fi zagi ciwo. Ita safar ba laifi: baƙar raga ce mai talewa, ta rufe gilashin ruf, ba ta faɗuwa, kana ma iya sauke gilashi iska ta shigo. Har ya fara sonta. Ya sa sabon man shanu, ya yi zagayensa, ya buɗe ƙofa. Faranti tas.

Ya sake washegari, don mai gwaji na gaskiya ba ya yanke hukunci da ƙwanƙwasa ɗaya. Tas.

"Ragar banza ce," ya gaya wa Desley. "Man shanu rabin sanda, ko ɗigo bai rage ba."

"Man shanu ba ya tashi sama, Noel."

"A garin da rana ke shanye tafki guda? Ke dai sayarwa kika sani."

Daga nan ya yanke shawarar ƙera nasa. Ya kwance ragar inuwar da ke kan tumatirinsa, ya ninka uku. Ya yi gwaji, tas. Ya ƙara kwali a ciki. Tas. Ya liƙa takarda mai ƙyalli ta gasa nama ta waje, ya ɗinke gefen da waya, ya yi wa kowanne maratayi don a iya cirewa, tunda Kirsty ta ce mai ciruwa. Tumatirin suka ƙone a kwana biyu. Bayan motar ya yi duhu kamar ramin da ya baro, har da ya zo fita da baya ya kwashe akwatin wasiƙunsa. Matar da ke shagon unguwa ta tambaye shi ko biki zai yi, wannan man shanu haka. Shi kuwa abin ya daina ba shi haushi, ya koma ba shi tsoro. Ranar Talata da yamma ya zauna a ƙaramin ɗakin da ya wanke, ya daɗe yana kallon gadon da ya shirya wa Edie.

Laraba Kirsty ta zo da Edie a kafaɗa. Glenys ta biyo su, wai hanya ce ta biyo da ita, alhali gidanta na can ɗaya ƙarshen garin. Ta zagaya motar tana riƙe da jakarta a ƙirji.

"Noel, dankali za ka gasa a ciki ko yarinya za ka ɗauka?"

Noel ya juya mata baya. Ya cire hularsa ya fuskanci 'yarsa.

"Kirsty, ki ba Glenys Alhamis ɗin. Motar ba ta ci gwaji ba. Sau bakwai ina yi. Ban taɓa tura mutum inda ban yarda da rufinsa ba, ba zan fara da wannan ba."

Glenys ta sassauta riƙon jakarta, don ta zo da shirin faɗa ne. Kirsty ta dubi ubanta, ta dubi motar, ta dubi Nugget da ke kwance a inuwa yana numfashi da ƙyar, gashinsa na sheƙi kamar an shafe shi.

"Wane irin gwaji, Baba?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, da faranti da kusurwoyi da komai.

"Karen yana ina in kana yi?"

"Inda yake kullum. Me ya shafe shi?"

"Mayar da safar nan. Ɗauko man. Glenys, riƙe min Edie."

Aka zura safa, aka zaunar da faranti, Nugget ya yi tsalle ya haye wajensa da wani kuzari da bai dace da ƙibarsa ba. Kirsty ta zauna a baya ta naɗe hannu. Ko ƙarshen layin ba su kai ba, sai ga jan kai ya leƙo ta saman kujera a hankali, kamar ma'aikacin da ya zo aiki a kan lokaci. Ya ɗan dubi Kirsty, ya ga ba ta da niyyar ci, ya lanƙwame man a loma ɗaya, ya bi farantin da harshe har sau uku, ya koma ya kwanta.

"Baba, tsaya."

"Ba a tsayawa a tsakiyar gwaji."

"Tsaya ka ga ranarka. Tana da wutsiya."

Noel ya faka, ya zagayo, ya dubi faranti, ya dubi kare. Nugget ya yi gyatsa. Tsohon ya daɗe a tsaye, rabin kunnensa ya yi ja wur.

"Sanda huɗu cur," ya ce a hankali. "Da tumatirina. Munafuki, kuma kullum kai nake kai wa ƙara."

Kirsty ta yi dariya har ta kwanta a kujera. Amma Noel bai yarda an tashi ba sai da aka ɗaure karen a gindin bishiya, aka sayo wani man, aka yi zagayen daga farko. Man ya iso da kusurwoyinsa huɗu, ya ɗan yi gumi kawai. Noel ya taɓa shi da yatsa, ya ƙwanƙwasa gilashin sau biyu, ya ce, "A shiga."

Saura magana ɗaya. Kirsty ta ce karen da ya saba samun abinci a kujerar nan ba zai zauna a bayan 'yarta ba, ko da wasa. Noel ya ce Nugget bai taɓa yini shi kaɗai ba, zai cinye ƙofa. Sai duk suka juya suka dubi Glenys.

"Kada ku soma," in ji ta.

"Ke kika ce Alhamis ba ki da abin yi," in ji Kirsty.

Yanzu duk Alhamis da safe za ka ga doguwar motar nan ruwan ƙasa tana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai, baƙar safa a kowace ƙofar baya, Noel na ba Edie labarin dawakai. Ya sa doguwar riga har wuyan hannu, wannan ma sharaɗin Kirsty ne. In sun sauka yakan zare safofin ya kakkaɓe, ya ɗaga su a rana ya duba ko sun huje, sannan ya mayar. Bai koma shagon Desley ba, amma labarin ya je mata, ta aiko masa da sandar man shanu ɗaure da jan ƙyalle.

Can ɗaya ƙarshen garin kuwa, sabuwar motar Glenys na wucewa da jan kare a kujerar gaba, ya manna hanci a baƙin gilashi yana shan sanyi. Likitan dabbobi ya hana shi maiƙo. Glenys ta ce wari yake, ta ce ba ta son ganinsa, ta kuma saya masa bargo.